Waƙar Haƙƙin Ɗan Yaye da Jariri, Tare da Sharhinta

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga wanda ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyaye, kuma zai tambaye su a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ahbabu maza da mata na zangunan Ankara da Kumasi da Tamale da sauran garuruwa, wannan 'yar waƙa ce na nazamta game da gidan da aka yi sabuwar haihuwa alhali na gaba bai gama wayo ba, watau saƙo da saƙo. Tambayoyi sun yawaita gare ni a kan wannan babi, mafi yawansu daga mata, shi ya sa na ga ya kyautu in tara amsa wuri guda. Na yi ta a waƙe domin sauƙin hardacewa, bisa al'adar magabatanmu na wannan ƙasa irin su Alhaji Umaru Karki wanda ya rasu a 1934, sa'an nan na bi ta da sharhi gwargwadon hali.

Da sunan Ilahi nake buɗe waƙa,
Ta'ala da yay yo uwa har ɗiya.

Salati ga Ɗaha da alai sahabbai,
Da Shehunmu Ahmad abin kwaikwaya.

Nufina nasiha ga duk mai iyali,
Akwai ɗa a cinya, akwai ɗa a baya.

Na farko a da shi kaɗai ke da nono,
A yau sai a ce mai: matsa can, tsaya!

Idan ya yi kuka a ce ya yi kishi,
Rashi ne ya same shi can zuciya.

Ku bar tsine yaro, ku bar ɗaga hannu,
Kalamin iyaye yana bibiya.

Sharhi: Na fara da babban kafin jariri da gangan, domin shi ne wanda ake mantawa. Ranar da aka haihu kowa jariri yake nema. 'Yan barka su shigo su wuce ɗan shekara biyu a bakin ƙofa, babu mai cewa da shi sannu. Jiya-jiyan nan bayan uwa nasa ne, cinya tasa ce, shimfiɗa tasa ce, yau an wayi gari an ba wani baƙo duka a dare ɗaya, kuma babu wanda ya yi shawara da shi. To, ya kai ɗan'uwa, da kai aka yi wa haka a kasuwa, aka ɗauke rumfarka aka ba wani, da wane irin kuka za ka yi?

Saboda haka idan kuka ga ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi abinci, ko ya ce shi ma sai an goya shi, ko ya kai wa jariri mintsini, kada ku ce mugun hali ne ya fito. Yaro ne da ba shi da harshen faɗin abin da ke damunsa, sai jikinsa ya faɗa. Alƙalami ma an ɗauke shi daga kan yaro har ya balaga, mala'iku ba su rubuta masa laifi, ku kuwa kun buɗe masa littafi kuna yi masa hisabi safe da yamma.

Dubi salla, wadda ita ce ginshiƙin addini. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, sai yaro ya kai shekara 7 ake umurtarsa da ita, ba a kuwa yi zancen horo a kanta ba sai ya kai 10. Idan haƙƙin Allah mafi girma an yi wa yaro jinkirin shekara 10 a kansa, ina hujjar mai dukan ɗan shekara 2 don ya zubar da koko? Ni ban san ta ba a littafin kowane malami.

Amma tsinuwa ta fi duka muni, domin duka yakan warke. Muslimu ya ruwaito daga Jabiru cewa Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, ya hana mutum yi wa kansa ko 'ya'yansa ko dukiyarsa muguwar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Na san gajiya ce take sa uwa faɗin abin da ba ta nufi ba, ga rashin barci, ga ciwon jiki. To, ya ke 'yar'uwa, sabar wa harshenki da "Allah ya shirye ka", har ta zama ita ce take fita da kanta idan rai ya ɓaci. Tsawonta ɗaya da waccan kalmar, ba ta fi ta wuyar faɗi ba.

Ciki in ya samu ana ba da nono,
A ce wai ya ɓaci? Ina gaskiya?

Ku yaye a sannu da koko da wake,
Da kifi da ƙwai don ya sam lafiya.

Sharhi: A nan zan daɗe, domin a nan ake asarar rayuka. Abin da muka gada shi ne, da zarar mace ta gane ta yi kwanika, watau ta sami ciki tana goyo, sai tsofaffi su ce nono ya ɓaci, ya zama guba. Ran nan za a shafa masa maɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, wani lokaci ma wani gari, a raba shi da nono da uwa gaba ɗaya. Ita kuma uwar ta shiga ɓoye-ɓoye don kunya, kamar ta yi abin assha, alhali da mijinta na sunna ta samu.

Ku saurara. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Muslimu ma ya kawo, daga Judamatu 'yar Wahabu, cewa Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, ya yi niyyar hana gila, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yin ta kuma ba ta cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Malik ya fassara gila da cewa mutum ya kusanci iyalinsa tana shayarwa, waɗansu malaman lugga kuwa suka ce ita ce mace ta shayar tana da ciki. Ko wace fassara aka ɗauka, hanin bai tabbata ba. Likitoci ma a yau abin da suke faɗi ke nan, cewa nonon mai ciki ba guba ba ne, sai dai yakan ragu idan ciki ya yi nisa, ɗanɗanonsa ya sauya, har waɗansu yaran su bari da kansu. Wadda take zubar jini, ko ta saba haihuwar bakwaini, ko aka ce mata tagwaye ne, wannan ta tambayi ma'aikatan asibiti a wurin awo, hukuncinta daban.

Abin da yake kashe ɗan kwanika yunwa ce da baƙin ciki, sai a ɗora wa nono laifi. Mu mazauna Ankara mun fi kowa cancantar sanin haka, domin sunan da duniya duka take kiran wannan cuta da shi daga bakin maƙwabtanmu Ankarawa aka ɗauke shi. Wata likita mai suna Sisili Wiliyams, haifaffiyar Jamaika, ta yi aiki a asibitin yara na Ankara zamanin Turawa. Ta ga ana kawo yara ƙafafunsu da fuskarsu sun kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu tana saɓulewa, ba su wasa ba su dariya. Ta yi bayanin cutar a 1933, a 1935 kuma ta fitar da ita da sunan da ta ji mutanen gari suna kiranta, kwashiyoko, wanda ma'anarsa a harshen Ga ita ce ciwon da yake kama yaron da aka ture saboda zuwan ƙaninsa. Ta lura yaran nan an cire su daga nono an bar su da kunun masara tsura. Ashe tsofaffin Ankarawa sun riga sun ga wanda abin yake kamawa da lokacin da yake kama shi. Mu kuma mukan ce maita ce, ko baki, ko iska, a yi ta turare har a kai yaro makwanci.

Koko abinci ne mai kyau, amma koko tsararo shi kaɗai cika ciki ne, ba ya gina jiki. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa, saboda haka ɗan abin da zai shiga sai ya zama mai ƙarfi. A soya masara ko gero da wake da gyaɗa, a niƙa tare, a dama masa da kauri. A daka ƙananan kifi busassu a zuba a miyarsa. A ba shi ƙwai. Zancen wai mai cin ƙwai yana yaro zai yi sata, wannan manya ne suka ƙaga shi don ƙwan ya zama nasu. A ba shi nasa kwano dabam, a zauna a kansa har ya ci, sau 4 ko 5 a yini, domin idan aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. In kuwa aka ga ƙafa ta soma kumburi, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.

Allah Ta'ala ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a Suratul Baƙara aya ta 233. A cikin ayar nan ne kuma ya halatta yaye kafin haka, amma da sharaɗin yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu, ya kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa. Ku lura, shawara aka ce. Ba umurnin kaka ba ne, ba kuma fushin dare ɗaya ba. Wanda yake tsoron kwanika, ya yi shawara da iyalinsa a kan tazara, domin sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi kamar yadda Jabiru ya ba da labari, malamanmu kuwa sun sharɗanta yardar matar. Masana lafiya suna ba da shawarar a sami kamar shekara 2 daga haihuwa zuwa ɗaukar wani ciki, ka ga ya yi daidai da muddar shayarwa.

Ibnu Sa'adu ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Sayyidina Umaru da Abdurrahmani ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Umaru ya ji kukan yaro, ya je ya yi wa uwar magana, ya koma. Kuka bai tsaya ba, har sau uku. Matar ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa yaye take yi masa da ƙarfi, domin Umaru ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba Umaru ya ja salla mutane ba su iya fahimtar karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa, ya kuma aika da wannan umurni zuwa sauran ƙasashe. Sarkin Musulmi ke nan, dokar daula ya warware saboda kukan yaro guda.

Ku ba shi dakashi da zarar ya faɗo,
Cikinsa Ilahi ya sa kariya.

Tofi ya wadatar, a jinkirta sha nai,
A bar sanya aska cikin ɗan wuya.

Sharhi: Wannan haƙƙin jariri ne. Dakashi shi ne nonon farko mai kauri mai rawaya, wanda akan matse a zubar wai datti ne. Shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar masa, a sa shi a nono tun sa'ar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 take horo da a ba jariri nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Masu cewa zafi zai sa shi ƙishirwa su sani fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Zuma kuwa, duk da albarkarta, ba a ba wanda bai cika shekara ba, domin akan sami wata ƙwayar cuta a cikinta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, ta shanye masa jiki. Tahniki da aka yi wa Abdullahi ɗan Zubairu ɗan shafa dabino ne a dasashi, ba ɗura ba ne.

Wani zai ce, malam, har da rubutu? Na ce, mu ne masu allo, ba mu raina shi ba. Amma abin da ya tabbata a Buhari daga Ibnu Abbas shi ne Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, yana nema wa Hasan da Husaini tsari da addu'a, ya ce haka Annabi Ibrahimu yake yi wa Isma'ilu da Is'haƙu. To, a yi wa jariri tofi safe da yamma, uwa ta sha rubutun idan ana so, albarka ba ta ɓata hanya. Ruwan randa da na wankin allo cikin ɗan kwana 3 bai iya ɗaukarsu ba, gudawa kuwa ba ta yi wa jariri jinkiri.

Cire belu ba ya cikin sunnonin haihuwa. Abin da ya zo a ranar bakwai yanka ne, da aski, da sadaka gwargwadon nauyin gashin na azurfa ko zinariya, da raɗa suna. Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu ta kawo ɗanta ta danne masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, Annabi ya yi inkarin haka, yana cikin Buhari da Muslimu. Wanda ya ƙi yatsa, yaya zai yarda da ƙarfe? Sau nawa jini ya ƙi tsayawa. Wani kuma zai ce malam ya koma likita. Tsare rai yana daga cikin abubuwan da Shari'a ta zo don kiyaye su, wanda ya karanta usulu ya sani.

Game da yanka, mazhabarmu tunkiya ko rago ɗaya ne ga namiji ko mace, kamar yadda yake a Risala, kuma ga mai hali ne. Cin bashi don yayi da makaɗa da kujerun haya ba ya cikin aƙiƙa. In za a ɗinka wa jariri kaya, a ɗinka wa yayansa ko da riga ɗaya ce, ya san shi ma ranarsa ce.

Jini in ya ɗauke ki tashi ki salla,
Jiran arba'in bai da tushe ɗaya.

Zane ɗai ki ware saboda ibada,
Na goyo akwai rangwame, ki jiya.

Ki ja lazimi ko da goyo a baya,
Ɗariƙa da sauƙi take tafiya.

Sharhi: Mata da yawa suna zaton mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in. Kuskure ne. Hukunci yana rataye da jini. Idan ya ɗauke, ko da kusa da haihuwa ne, ta yi wanka ta yi salla. Idan ya zarce, iyakarsa a mazhabar Malik kwana 60, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Waɗansu mazhabobi sun sa iyakar a kwana 40, amma su ma ba su ce mai tsarki ta zauna tana ƙidayar kwanaki ba.

Fitsarin jariri, namiji ko mace, wanke shi ake yi a mashhurin mazhaba. Amma Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa an yi wa mai shayarwa afuwa ga abin da ya sami tufarta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta keɓe tufa guda don salla. Saboda haka kada wadda ba ta da zane biyu ta bar salla tana cewa ba ta da tsarki. Idan babban ya hau bayanki kina sujada, sallarki tana nan. Annabi ya ja mutane salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainabu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Azumi kuwa, mai shayarwa idan ta ji wa ɗanta tsoro kuma babu wata hanya, ta sha, ta rama, ta ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana.

Amma wuridi, mai jinin biƙi tana da zaɓi, in ta so ta yi, in ta so ta bari, babu ramuwa a kanta. Bayan ta yi tsarki, ta sani lokaci yana da faɗi. Lazimin safe idan uzuri ya hana shi da hantsi, yana nan har faɗuwar rana, na yamma kuma har fitowar alfijir. Ya halatta ta gabatar da na safe cikin dare, bayan isha'i da gwargwadon karatun izu 5, lokacin da yara suka yi barci. In goyo ya hana ta zaman da Jauhara take bukata da tsarkin wuri, ta karanta Salatul Fatihi 20 a madadinta. In yaro ya nufi wuta tana cikin jan carbi, ta tsawata masa da kalma ɗaya ko biyu, in bai ji ba ta jefar da carbin ta kama shi, ta sake wuridin daga baya.

Ruwan wanka, kurfoti, kwalbar kananzir,
Ku kau da su, yaro ba ya tambaya.

Idan ɗanki ya kama nonon maƙwabta,
Da 'ya'yansu sun zam uwarsu ɗaya.

Sharhi: Kwanakin jego su ne kwanakin haɗari ga mai tatata, domin idon uwa yana kan jariri, ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa a tsakar gida safe da yamma. A sa mutum guda da sunansa ya zama shi ne mai lura da shi, don abin da aka bar wa kowa babu mai yinsa. Kananzir da ake zubawa a kwalbar lemo a rataye shi sama. Ita ma mai jegon a sassauta mata zafin ruwa da yawan kanwa a kunu, domin likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta waɗannan da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa. Wadda ta ga kumburi da haki da tari in ta kwanta, ta je asibiti.

Baiti na biyu mas'ala ce ta gidajen haya, inda mata goma suke tsakar gida ɗaya, wannan ta tafi kasuwa, waccan ta ba ɗanta nono don ya yi shiru. Taimako ne mai lada, amma yana da hukunci. A wurin Malik, duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu, ko bayansu da wata ɗaya ko biyu in ba a riga an yaye shi ba, ko tsotsa ɗaya ce, ya haramta aure. Yaron ya zama ɗan'uwan dukan 'ya'yan matar, da 'ya'yan mijinta na sauran ɗakuna, amma yayyensa da ƙannensa da ba su sha ba, babu ruwansu. A gaya wa mazaje, a rubuta a ajiye. Uƙubatu ɗan Harisu sai da ya yi aure wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da amaryarsa, Annabi ya umurce shi ya rabu da ita.

Uba kar ka ce raino aikin uwa ne,
Ka bar ta da yara kana zawiya.

Wazifa idan an gama ta ka koma,
Ka ɗauki na yaye ku yo dariya.

Ka daidaita kyauta tsakanin ɗiyanka,
Ka san yadda Yusuf ya je rijiya.

Sharhi: Yanzu na juyo gare ku, ya ku 'yan'uwana na sahun wazifa, kada ku ji haushina. Wazifa ba ta kai sa'a guda. Abin da yake biyo bayanta na shayi da labarin siyasa da ƙwallo har ƙarfe 11 na dare, wannan ba Shehu ne ya ɗora muku ba. A sa'ar nan akwai baiwar Allah a ɗaki, ɗaya yana tsotso ɗaya yana jan zanenta, tun asuba ba ta runtsa ba. Kai kuwa ka shigo ka ce ina tuwo, me ya sa yaron nan yake kuka. An tambayi Nana A'ishatu abin da Annabi yake yi a gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Mu da muke da'awar son sa fiye da kowa, muke raira yabonsa har hawaye, a nan ne za a gwada da'awar.

Ɗan yaye ya rasa bayan uwa, to, ya sami kafaɗar uba. Wannan shi ne maganin da ban ga kamarsa ba. Ka ɗauke shi ka fita da shi bakin titi, ka saya masa ƙosai, ka zaunar da shi kusa da kai kana lazimi ya riƙa wasa da gefen buzunka, ka ba shi abinci da hannunka. Uwa ma in jariri ya yi barci ta ɗora babban a cinya ko na ɗan lokaci ne, ta riƙa ce masa ga ƙaninka, miƙo mini zanensa, ta gode masa in ya miƙo. Kada dai a bar su su biyu a ɗaki babu babba. Wanda yake ganin ɗaukar yaro zubar da girma ne, ya tuna da Aƙra'u ɗan Habisu, shugaba ne a cikin Banu Tamim. Ya ga Annabi ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya sanar da shi cewa rahama ba ta samun wanda ba ya yin ta. Annabin nan ne kuma yake taƙaita salla idan ya ji kukan yaro a bayan sahu, don tausayin uwarsa. Limamanmu su riƙe wannan.

Ciyarwa da tufatarwa na mai shayarwa a wuyan uba suke, nassin ayar Baƙara ne. Mai shayar da ɗaya tana rainon ɗaya cinta ya fi na da, kuɗin cefanen bara ba zai ishe ta bana ba. Wanda yake da kuɗin zuwa Maulidin Kaulaha kowace shekara, amma ɗansa bai ga ƙwai ba tun da aka yaye shi, ya sake lissafi, domin ziyara mustahabbi ce, nafaƙa kuwa wajibi.

Daidaitawa kuma tun daga wannan shekaru take farawa. Bashiru ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta ya nemi Annabi ya yi shaida, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, ya ce a'a, sai ya ƙi shaidar, ya umurce shi da adalci tsakaninsu, Bashiru ya koma ya karɓe kyautar. 'Yan'uwan Annabi Yusufu kuwa, a farkon surar, abin da suka fara kuka da shi ganin da suka yi mahaifinsu ya fi son Yusufu da ɗan'uwansa. Annabi Yaƙubu bai zalunce su ba, zato ne kawai ya shiga zukatansu, zaton ya kai su bakin rijiya. Balle gidan da ake faɗa wa yaro a kunnensa cewa an sami wanda ya fi shi, an daina yayinsa. Masu zuwa barka suna yin wannan da sunan wasa, mai gida ya hana su. In kun shigo da tsarabar jariri, ku riƙo ko alewa ɗaya ce ta yayansa, ku fara gaisawa da shi kafin ku karɓi jaririn.

Tammat, da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.